Darasi: Duwatsun Ɓaraguzai na Duniyar Wata

A daren sha huɗu, idan sararin sama ya yi garau, ku ɗaga kai ku ƙare wa wata kallo. Fuskarsa launi biyu ce. Akwai wurare masu duhu, shimfiɗaɗɗu, akwai kuma masu haske, waɗanda suka fi yawa. Masu duhun filaye ne da narkakken dutse ya ɓulɓulo daga cikin wata ya malale su, ya daskare ya zama baƙin dutsen da ake kira basalti. Masu hasken kuwa tuddai ne. Sun girmi filayen nesa ba kusa ba, kuma ramuka sun cinye su, rami a kan rami, babu masaka tsinke.

Da mutum zai tsaya a kan tuddan nan ya sunkuya ya ɗauki dutse, da wuya ya dace da wanda yake dutse guda tun asalinsa. Abin da zai samu shi ne gutsattsarin duwatsu dabam-dabam, masu kaifin baki, waɗanda wani abu ya manne su suka zama curi ɗaya. Masana ilimin duwatsu suna kiran irinsa birecciya. A wannan darasi za mu riƙa ce masa dutsen ɓaraguzai. Mafi yawan duwatsun da aka ɗebo daga tuddan wata irinsa ne, saboda haka duk mai son sanin tarihin wata dole ya fara da koyon karanta shi.

Gutsure da mahaɗi

Duk wanda ya taɓa ganin an fasa tsohon kankare ya san siffar da muke magana a kai: ga tsakuwa manya da ƙanana, ga kuma siminti da yashi da suka riƙe ta. Dutsen ɓaraguzai ma kashi biyu ne. Akwai gutsattsari, wato duwatsun da aka farfasa, akwai kuma mahaɗi, wato abin da ya cike tsakaninsu ya riƙe su. Idan masani ya ɗauki irin wannan dutse, tambaya biyu yake fara yi. Gutsattsarin nan na wane irin dutse ne? Mahaɗin nan kuma mene ne? Ku riƙe waɗannan tambayoyi biyu, domin duk rabe-raben da za mu gani nan gaba a kansu aka gina su.

Kaifin bakin gutsattsarin yana da abin da yake faɗa. Dutsen da ruwa ya daɗe yana mirginawa yakan yi sumul, ya zama mulmulalle. Mai kaifi kuwa fasa shi aka yi da ƙarfi, kuma babu kogin da ya ja shi bayan haka. A duniyarmu ma ana samun duwatsun ɓaraguzai, a gindin tsauni ko inda ƙasa ta tsage ta goga, kuma galibi ruwa ne ke ratsawa ya ajiye ma'adinin da ke manne su. To, a wata babu kogi, babu ruwan sama, babu iskar da ke kaɗawa. Me ya farfasa duwatsun, me kuma ya manne su? Amsar duka biyun ɗaya ce: duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya.

Abin da ke faruwa idan dutse ya faɗo

Duniyarmu iska ta lulluɓe ta. Ƙananan duwatsun da ke yawo a sararin samaniya, idan suka nufo mu, iskar ce ke tare su su ƙone, mu gani da dare mu ce tauraro ya faɗi. Wata ba shi da wannan kariya. Komai ƙanƙantar abu, da cikakken gudunsa yake isa ƙasa, kuma gudun kan kai kilomita 15 zuwa 20 a sakan ɗaya.

A irin wannan gudu, dutsen fashewa yake yi. Yana taɓa ƙasa sai wani matsi mai tsanani ya ratsa duwatsun da ke ƙarƙashinsa, ya kuma komo cikin shi kansa. Kafin ƙiftawar ido baƙon dutsen ya narke, wani sashensa ma ya zama tururi. Duwatsun da ke dab da wurin su ma su narke. Na gaba da su ba su narke ba, amma sun sauya hali. Na can nesa kuwa farfashewa kawai suke yi. Da matsin ya saki, sai duk wannan tarkace ya yi sama, ya bar ramin da faɗinsa kan ninka na dutsen da ya faɗo sau 10 zuwa 20. Da yake fashewa ce ta haƙa ramin, shi ya sa kusan duk ramukan wata suke da'ira, ko da dutsen a karkace ya zo.

Abin da ya yi sama dole ya sauko. Narkakke mai zafi da gutsattsari masu sanyi suna zubowa tare, suna cakuɗuwa. Manyan da suka yi nisa, inda suka faɗa sukan tone ƙasar wurin su gauraya da ita. A nan ake haifar dutsen ɓaraguzai. Akwai kuma wata ƙa'ida da 'yan sama-jannati suka yi aiki da ita sosai: abin da ya fito daga can ƙasan rami a bakin ramin yake sauka, na sama-sama kuwa shi ke yin nisa. Mai son ganin abin da ke binne ba sai ya yi haƙa ba, bakin rami zai nufa. Dalilin da ya sa ke nan a watan Fabrairu na 1971 Alan Shepard da Edgar Mitchell na kumbon Apollo 14 suka sha wahalar hawan tudu zuwa bakin wani rami da ake kira Cone.

Sauyin halin da muka ambata yana barin shaida. Akwai wani farin ma'adini mai suna filajiyokilas, wanda shi ne ya fi yawa a tuddan wata. Idan matsi ya tsananta a kansa, sai tsarin cikinsa ya rushe ya koma gilashi, alhali bai narke ba, siffarsa ta waje ma ba ta canja ba. Wannan gilashi shi ake kira maskelinait, kuma aman wuta ba ya samar da shi. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin lardin Katsina. Daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mas ya fito, kuma filajiyokilas ɗin da ke cikinsa ya koma maskelinait, alamar dukan da ya cillo shi daga can.

Girman karon ya bambanta ƙwarai. Akwai ƙwayoyin ƙura da ke barin ɗigon rami a jikin dutse, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Akwai kuma irin wanda ya haƙa kwarin Imbrium, mai faɗin fiye da kilomita 1,100, wanda ɓaraguzansa suka watsu a kan babban ɓangare na fuskar watan da muke gani.

Yadda aka gane

Ba a yarda da wannan bayani cikin sauƙi ba. Tun 1893 wani masani Ba'amurke, Grove Karl Gilbert, ya ce faɗowar duwatsu ce ta haƙa ramukan wata, amma aka shafe shekaru da dama masana da yawa suna ganin bakunan duwatsu masu aman wuta ne. A farkon shekarun 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka gano wani ma'adini da matsi mai tsanani ne kawai ke samar da shi, a kwarin Ries na ƙasar Jamus, mai faɗin kilomita 24. Hakan ya tabbatar da cewa karo ne ya haƙa shi. Babban cocin garin Nördlingen da ke cikin kwarin da dutsen ɓaraguzan wurin aka gina shi, kuma a 1970 an kai 'yan sama-jannatin Apollo 14 can domin idonsu ya saba da irinsa. A Yammacin Afirka ma akwai irin wannan rami. Tafkin Bosumtwi na Ghana, kudu maso gabas da Kumasi, yana cikin rami mai faɗin kilomita 10.5 da wani dutse ya haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, kuma da aka yi haƙa a ƙarƙashin tafkin a 2004 an zaƙulo duwatsun ɓaraguzai.

Amma a ganina babu abin da ya kai tafiyar Apollo 16 koyarwa. Kafin tafiyar, masana sun duƙufa a kan hotunan yankin Descartes da ke tsakiyar tuddan wata. Suka ga filaye masu haske, shimfiɗaɗɗu, da tsaunuka masu ƙusoshi-ƙusoshi, suka yanke cewa aman wuta ne ya yi su. A kan wannan fahimta aka zaɓi wurin. A watan Afrilu na 1972 John Young da Charles Duke suka sauka, suka fara ɗaukar duwatsu suna bayyana su ta rediyo ga masanan da ke sauraro a Houston. Wannan dutsen ɓaraguzai ne. Wancan ma haka. Na gaba ma haka. Kwana uku suka yi a wurin, suka dawo da kusan kilo 96, kuma kusan dukkansu karo ne ya samar da su. Abin da ya taimaka shi ne an riga an kai mutanen biyu yankin Sudbury na Kanada, inda akwai tsohon ramin karo, saboda haka sun san abin da suke gani, suka kuma faɗe shi yadda yake duk da ya saɓa wa abin da aka gaya musu. Filayen da aka ɗauka malalar aman wuta ce, ashe ɓaraguzai ne da manyan karo suka watso suka cike kwaruruka. Bayan wannan tafiya sai da aka sake fassara taswirar tuddan wata gaba ɗaya.

Ire-irensu

Tsakanin 1969 da 1972 tafiye-tafiyen Apollo shida sun kawo kilo 382 na duwatsu da turɓaya. Da farko kowane rukunin masu bincike da sunayen da yake ba su, abin ya zama ruɗani. A 1980 wani kwamiti ƙarƙashin Dieter Stöffler, Bajamushe, ya fitar da tsarin da ake bi har yau.

Matakin farko shi ne a ƙirga irin duwatsun da ke ciki. Idan iri ɗaya ne tak, to dutse ne da aka niƙe shi a inda yake, bai gauraya da komai ba. Irin wannan yana da daraja, domin yana nuna yadda ɓawon wata yake tun fil azal. Dutse mai lamba 60025 na Apollo 16 misali ne, kuma shekarunsa sun haura biliyan 4.3. Idan iri biyu ne, galibi fari da baƙi ake gani: farin dutse ya tsattsage a ƙarƙashin rami, baƙin narkakke ya kutsa cikin tsagogin ya daskare. Dutse mafi girma da aka taɓa kawowa daga wata, wanda ake wa laƙabi da Big Muley, mai kilo 11.7, shi ma haɗin farin dutse ne da matsi ya gigita da wani narkakke mai duhu.

Mafi yawa dai masu iri da yawa ne, kuma su ta mahaɗinsu ake rarrabe su.

Akwai wanda mahaɗinsa garin dutse ne kawai, wato su gutsattsarin ne aka niƙa suka yi laushi. Ba shi da ƙwari, yana iya marmashewa a hannu. A bakin ramin North Ray, wanda faɗinsa ya kusa kilomita ɗaya, Young da Duke sun sami irinsa da yawa.

Akwai kuma wanda aka yi da turɓayar wata, kuma wannan ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. Dukan da ƙananan duwatsu suka yi ta yi shekara da shekaru ya mayar da saman wata turɓaya, mai kaurin mita 4 zuwa 5 a baƙaƙen filaye, mita 10 ko fiye a tuddai. Wannan turɓaya tana da abubuwan da babu su a ƙarƙashin ƙasa. Akwai 'yan ƙananan duwatsun gilashi mulmulallu, waɗanda ɗigon narkakke ne da ya daskare yana cikin tafiya a sama. Akwai curin ƙura da gilashi ya manne, wanda faɗowar ƙwayar ƙura ke samarwa. Akwai kuma iskar da rana ke fesowa, irin su haidurojin da hiliyam, waɗanda ke maƙalewa a fatar kowace ƙwayar turɓaya da ta kwanta a fili. Idan karo ya auku a kusa, matsinsa kan danne turɓayar, zafinsa ya ɗan narkar da gilashin da ke tsakanin ƙwayoyin, sai ta dunƙule ta zama dutse. Daga wannan lokaci ƙofa ta rufe: babu abin da zai ƙara shiga. Duk abin da ke saman wata a wancan zamani ya adanu a ciki. Wasu daga cikin na Apollo 16 sun rufe tun fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, suna ɗauke da iskar rana ta wancan lokaci. A 2012 Katherine Joy da abokan aikinta suka ba da rahoton samun 'yan gutsattsarin ainihin duwatsun da suka faɗo wa wata a cikinsu. Kusan rabin duwatsun da Neil Armstrong na Apollo 11 ya tsinto a 1969 irin wannan ne.

Sai wanda mahaɗinsa narkakken dutse ne. Idan narkakken kaɗan ne, nan da nan yake hucewa ya zama gilashi. Idan kuwa babban karo ne, narkakken kan taru ya kwanta a cikin ramin da kauri, ya haɗiye gutsattsari masu sanyi. Ƙananan su narke a ciki, manyan su tsira da gefunansu a cinye, shi kuma ya huce a hankali har ƙwayoyin ma'adini su tsiro a cikinsa. Irin wannan dutse yana da tauri, kuma a ido yana iya kama da dutsen aman wuta. Shi ne masana suka fi nema, saboda dalilin da za mu gani a batun shekaru.

Na ƙarshe shi ne gasasshe. Dutsen ɓaraguzai ne da ya binnu a wuri mai zafin da ya kai kimanin digiri 1,000, wataƙila ƙarƙashin narkakken wani karo, ya daɗe a haka bai narke ba. Ƙwayoyinsa suka sake tsari suka zama kusan girma ɗaya, har iyakar gutsure da mahaɗi ta dusashe.

Kada ku ɗauka kowane dutse yana zama daram a rukuni ɗaya. A duwatsun Apollo 14 an sha ganin gutsure wanda shi kansa dutsen ɓaraguzai ne, a cikinsa kuma akwai wani gutsuren da shi ma haka yake. An farfasa, an manne, an sake farfasawa, an sake mannewa.

Me ke cikin gutsattsarin?

A tuddai, wanda ya fi yawa shi ne farin dutsen da ake kira anotosait, wanda kusan dukkansa filajiyokilas ne. Tun a 1970 John Wood ya lura da 'yan fararen ƙwayoyinsa a cikin baƙar turɓayar Apollo 11, ya ce daga tuddai aka cillo su. Daga nan aka gina fahimtar cewa a farkon halittarsa saman wata duk narkakke ne, filajiyokilas da ba shi da nauyi ya taso sama ya zama ɓawo, ma'adinai masu nauyi suka nutse. Ana kuma samun gutsattsarin duwatsun da suka daskare a can cikin ɓawon daga baya, da na basalti, da wani abu da ake kira KREEP, wato ragowar ƙarshe ta wancan narkakke, mai yawan fotasiyam da fosforas da toriyam.

A nan wata matsala ke tasowa. Ta yaya za a bambance dutsen da ya daskare daga narkakken cikin wata da wanda karo ya narkar? Amsar tana cikin wasu ƙarafa irin su iridiyam da nikel da zinariya. Waɗannan suna bin baƙin ƙarfe duk inda ya je, kuma tun farko sun bi shi sun nutse, saboda haka ɓawon wata ba shi da su sai ɗan abin da ba a rasa ba. Duwatsun sararin samaniya kuwa suna da su da yawa. Idan aka auna gutsure aka ga iridiyam ya yi yawa, an san baƙo ya shiga cikinsa. Idan babu, to tsantsar dutsen wata ne. Paul Warren da John Wasson ne suka kafa wannan ma'auni a ƙarshen shekarun 1970.

Dutse ɗaya, shekaru uku

Idan aka tambaye ku shekarun dutsen ɓaraguzai, kada ku yi saurin amsawa, ku fara tambaya: wane ɓangarensa? Gutsure yana da lokacin da ya daskare. Mahaɗi yana da lokacin da ya haɗa su. Sannan akwai lokacin da aka tono dutsen ya kwanta a fili, wanda ake ganewa daga sauyin da haskoki masu ratsa sararin samaniya suka yi wa fatarsa.

Mu ɗauki dutse mai lamba 14321, mai kilo 9, wanda Shepard ya ɗauko kusa da ramin Cone, ake masa laƙabi da Big Bertha. Wasu gutsattsarinsa sun kai shekara biliyan 4 ko fiye. An haɗa shi kimanin shekara biliyan 3.9 da suka wuce. Ya fito fili ne lokacin da aka haƙa ramin Cone, kimanin shekara miliyan 25 da suka wuce. A 2019 Jeremy Bellucci da abokan aikinsa suka ce wani ɗan farin gutsure a cikinsa, wanda bai wuce giram 2 ba, ya fi kama da abin da ya daskare a duniyarmu, wato mai yiwuwa wani karo ne ya cilla shi daga nan zuwa wata. Wasu masana sun musanta, sun ce wata ma zai iya samar da irinsa. Maganar ba ta mutu ba.

Ga dalilin da ya sa ake neman mai narkakken mahaɗi. A cikin dutse, wani nau'in fotasiyam yana rikiɗewa a hankali ya zama iskar argon, da ƙayyadadden sauri, iskar kuma ta maƙale a ciki. Idan dutse ya narke, argon ɗin da ya taru sai ya tsere, lissafi ya koma sifili. Auna argon ɗin da ya taru bayan haka yana ba da ranar karon kansa.

Da aka auna irin waɗannan duwatsu daga wurare dabam-dabam, sai aka ga abin mamaki: da yawansu shekarunsu sun taru a wajen biliyan 3.9. A 1974 Fouad Tera da Dimitri Papanastassiou da Gerald Wasserburg suka ce wannan alama ce ta wani ɗan zamani da manyan duwatsu suka yi wa wata ruwa. Idan haka ne, duniyarmu ma ta sha irin wannan duka, a daidai lokacin da ake tunanin rayuwa ta fara bayyana a cikinta. Wannan ne ya sa batun ya wuce na masu sha'awar wata kawai.

Sai dai akwai ƙalubale mai ƙarfi. Duk wuraren da Apollo ya sauka suna fuskar watan da muke gani, ba su da nisa sosai da kwarin Imbrium, wanda shi ma shekarunsa kimanin biliyan 3.9 ne. Shin karo da yawa aka auna, ko karo ɗaya aka yi ta aunawa a wurare dabam-dabam? A watan Disamba na 1972 Eugene Cernan da Harrison Schmitt na Apollo 17 sun ɗebo samfur daga wani ƙaton dutse da ya gangaro daga tsauni ya tsage. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin narkakken wani kwari dabam mai suna Serenitatis. Hotunan da kumbon LRO ya fara aikowa daga 2009 sun sa wasu suna ganin ɓaraguzan Imbrium sun lulluɓe wurin, saboda haka shi ma mai yiwuwa na Imbrium ne. Ni ina ganin wannan ƙalubale ya fi ƙarfin a kau da kai daga gare shi, domin dutsen ɓaraguzai yana faɗin lokacin da aka yi shi, amma ba ya faɗin sunan ramin da ya fito. Masana da yawa a yau sun fi karkata ga cewa dukan ya fara tun da wuri, ya kuma ja lokaci mai tsawo.

Waɗanda suka kawo kansu

Maganin wannan matsala shi ne a samo duwatsu daga wasu sassan wata, kuma wasu sun zo da kansu. Dutsen da karo ya cilla da gudun da ya haura kilomita 2.4 a sakan ya kuɓuce wa wata ke nan, kuma wasu daga cikin irinsu kan faɗo duniyarmu. Na farko da aka gane shi ne wani ɗan dutse mai giram 31 da aka tsinta a kan ƙanƙarar Antaktika a Janairun 1982. Masanan da suka saba da duwatsun Apollo suna ganin fararen gutsattsarinsa cikin mahaɗi mai duhu suka shaida shi. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai hamada ta karɓi ragama: Libiya, Oman, da yankin arewa maso yammacin Afirka. A yau kaso mai yawa na duwatsun wata da aka tsinta a duniya daga Sahara suka fito, domin bushewar wurin tana hana su lalacewa, kuma baƙin dutse ba ya ɓuya a kan farin fili.

Mafi yawansu duwatsun ɓaraguzai ne, kuma da yawa ba su da KREEP sai kaɗan. Wannan ya dace da taswirar toriyam da kumbon Lunar Prospector ya zana a 1998, wadda ta nuna KREEP a yankin Imbrium da kewayensa ya taru. Ashe wuraren da Apollo ya sauka ba su wakilci wata duka ba.

Ga 'yan'uwanmu da ke zirga-zirga a hamada, ga abin lura. Ba kowane dutse mai ɗigon fari da baƙi ne na wata ba, duniyarmu cike take da masu kama da shi. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama, domin dutsen wata da ƙyar yake jan sa. Awo a ɗakin bincike ne kawai ke tabbatarwa. Wanda ya tsinci abin da yake zargi, ya rubuta inda ya same shi, kada ya wanke shi, kada ya farfasa shi, ya kuma san cewa ƙasashe suna da dokoki a kan fitar da irin waɗannan duwatsu.

A watan Yuni na 2024 kumbon Chang'e 6 na ƙasar Sin ya dawo da giram 1,935 daga bayan wata, ɓangaren da ba ma gani daga nan, daga cikin kwarin South Pole–Aitken mai faɗin kimanin kilomita 2,500, wanda shi ne mafi girma kuma mafi tsufa da aka sani a wata. Masu binciken Sin sun auna gutsattsarin narkakke a cikin samfurin suka ce an haƙa kwarin kimanin shekara biliyan 4.25 da suka wuce. Wani rukunin kuma, da ya yi aiki a kan wani dutsen wata da aka tsinta a Aljeriya, ya sami kimanin biliyan 4.32. Ba su daidaita ba tukuna, amma duka alƙaluman biyu sun girmi biliyan 3.9 da shekara miliyan ɗaruruwa.

Aikin aji

Ku rabu gida uku. Rukunin farko su bayyana da bakinsu yadda turɓayar wata ke zama dutse alhali babu ruwa, su kuma faɗi abubuwan da za a gani a cikinsa waɗanda ba za a gani a dutsen da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ba. Rukuni na biyu, an ba ku gutsure biyu masu kama da juna, ɗaya cike da iridiyam, ɗaya babu: me za ku ce game da asalin kowanne, kuma me ya sa? Rukuni na uku su zana dutse mai lamba 14321 a allo, su nuna ɓangaren da kowane ɗaya daga cikin shekarunsa uku yake magana a kai. Bayan haka dukan aji su tattauna: da ku aka ba zaɓin wurin da kumbo na gaba zai sauka domin a warware gardamar shekara biliyan 3.9, kusa da Imbrium za ku kai shi ko nesa da shi, kuma wane irin dutse za ku ce a ɗebo?